Alhaji, Ajiye Digar Nan: Ɗakin Malama Ba Kango Ba Ne

Tun kafin ku gama karanta kanun nan na san wasunku sun fara taɓe baki. Ku nake nufi, 'yan majalisar bakin titin Yashe, ku da kuke kan benci tun hantsi kuna ƙirga motocin da suka nufi Kano da waɗanda suka juya Katsina, kuna yanke wa duniya hukunci da kofin shayi a hannu. Na ji na farko ya ce, "Wannan kuwa lafiyarsa ƙalau? Ana kukan tsadar taki, ana fama da ɓarayin daji, shi ko ya zo mana da zancen tsohon ɗakin ƙasa." Na kusa da shi ya karɓe, "Ɗakin ma wai na mata!" Sai majalisa ta kwashe da dariya, har mai shayi ya kusa ɓarar da madara.

To ku gama dariyar, ba sauri nake ba. Maganata ɗaya ce, kuma ba ta da tsawo. Ɗakin da wata malama ta zaunar da matan unguwa ta koya musu karatu da waƙen wa'azi da rubutun ajami, ginin tarihi ne. Hakkinsa ne a yaɓe shi, a tsare takardun da ke cikinsa, a ci gaba da karatu a ciki. Mu kuwa ɗayan biyu muke yi masa: ko mu bar wa damina ta cinye, ko mu sa masa diga mu tsayar da shagon cajin waya a gurbinsa. Kowannenku da uzurinsa, ni kuma na haddace uzurin nan kaf, don haka bari in bi ku ɗaya bayan ɗaya.

Da kai zan fara, ɗan boko mai farin gilashi, wanda ba ya haɗa jimla uku bai jefa Turanci ba. Ka ce ƙungiyar adabi ta mata da gininta al'adar Turawa ce, a intanet na gani na kwaso. Gaskiya ne suna da ita. A birnin Grand Rapids na jihar Mishigan a Amurka, matan wata ƙungiyar adabi sun gina gidansu a 1887, yana nan tsaye har yau, yana kuma cikin kundin gine-ginen tarihi na ƙasarsu. A Salt Lake City wasu matan sun kafa tasu ƙungiyar a 1877, suka gina zaurensu a 1913, da ya cika shekara 100 suka damƙa shi ga gidauniyar adana kayan tarihi ta jiharsu don kada ya salwanta. Duk na yarda. Amma ɗauko alƙalaminka ka yi mana lissafi, tunda kai ne mai digiri. An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1793, ta rasu a 1864. Wato ta kafa ƙungiyar matanta, ta yi shekaru tana jan ragamarta, ta koma ga Mahaliccinta, sai bayan shekara 13 matan Salt Lake City suka yi zamansu na farko. To wa ya kwaikwayi wa?

Sunan ƙungiyar 'Yan Taru. Bari in gaya maka yadda take, don na lura a makarantarku an koya maka matan Sarki Henry na Ingila su shida, wannan kuwa an tsallake. Asma'u ta ga matan karkara, da yawansu waɗanda yaƙi ya tarwatsa ya zube a sababbin garuruwa, ba su da hanyar samun ilmi. Matar aure mai goyo ba za ta bar gida ta taka zuwa Sakkwato ba. Sai ta zaɓo dattijan mata masu hankali da riƙon amana, ta naɗa kowace jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Jaji ta tattaro tsofaffi da 'yan matan da ba su kai aure ba, su yi ayari a ƙafa har wurin Asma'u, ɗauke da ɗan abin sadaka, hatsi ko zuma ko man shanu, wanda ake raba wa mabuƙata. Su zauna su haddace waƙoƙin da ta tsara a kan tauhidi da salla da tarihin Manzon Allah (SAW) da tarihin jihadi da kyawawan halaye, a warware musu abin da ya shige musu duhu, sannan su koma su rera wa matan da ke cikin gida, a bakin turmi da wurin kaɗi. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, abin da aka tattara na ayyukanta ya kai kusan 60. Da ta rasu 'yar'uwarta Maryam ta karɓa, bayanta Ta Modi ta ɗora. Ga shugaba, ga wakilai, ga manhaja, ga kakin aiki, ga magada. In wannan ba ƙungiyar adabi ba ce, ɗan boko, raɗa mata suna mu ji. Don in ƙara maka haushi kuma, a birnin Pittsburgh na Amurkar da kake taƙama da ita akwai mata Musulmi da suka kafa nasu 'Yan Tarun, suna naɗa jaji, suna karanta Asma'u.

Yanzu tambayi kanka yadda duk wannan ya iso gare mu. Ba iska ta kawo shi ba, gida guda ne ya riƙe. Asma'u matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ce, zuriyarsu kuma a unguwar Giɗaɗawa ta Sakkwato suka adana takardunta, hannu zuwa hannu, har suka iso ga Waziri Junaidu wanda ya rasu a 1997. Shi ya buɗe wa Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, waɗannan takardu tun cikin shekarun 1970. Ita da Beverly Mack suka fitar da kundin ayyukan Asma'u a 1997, shafi sama da 700. Da a ce wani magaji a tsakiyar silsilar nan ya ga takardun sun tare masa wuri ya ba mai ƙosai ta yi ƙunshi da su, da yau Asma'u suna ce kawai a jikin allon makarantar 'yan mata da ɗakin kwanan ɗalibai a jami'a.

Sai kai, Alhaji, ranka ya daɗe, mai hannu a aljihu da ido a kan fili. Na ji abin da ka raɗa wa na kusa da kai: "Asma'u ai 'yar Shehu ce, kuma can Sakkwato ne. Mu nan Yashe wace malama gare mu?" Alhaji, kada ka sa in tona. Wa ya biya wa mahaifiyarka Fatiha? Ba liman ba ne, don ba ta zuwa zaurensa. Wa ya koya mata hukuncin haila da na biƙi da wankan gawa? Tambayar da kunya ba za ta bari ta yi wa namiji ba, wurin wa take kaiwa? Shiga gida yau da daddare ka tambayi Inna ko Gwaggo. Za ta kama maka suna, ta kama maka gida, ta ce ɗakin da ke kusa da rijiya ne ko na bayan rumbu. Daga Yashe zuwa Mawashi da Kusada, daga Kankiya zuwa Rimaye da Kafin Soli, garin da ke da makarantar allo da wuya a rasa irin wannan baiwar Allah a tarihinsa. Sau da yawa matar malam ce ko 'yarsa, ta yi sauka, ta karanta Ahalari da Ishmawi, ta haddace Ishiriniya, tana ja ana amsawa. Ba ta da allon sanarwa a ƙofa, ba ta da rajista a ƙaramar hukuma, shi ya sa kake ganin ba a yi ta ba.

Ka kuma san yadda ɗakin ke tafiya, don da kai ake yi. Malama ta rasu, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Aka zo rabon gado, 'ya'ya maza suna Kano da Abuja, mata suna gidajen aurensu. Ɗaki ya koma ma'ajiyar buhunan gawayi da mataccen keke. Damina ta farko indararo ya toshe, ta biyu ruwa ya kwanta a kan rufi, ta uku azara ta sunkuya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙadangaren nan kuwa dillalin filaye ne, ya iso da fara'a ya ce wurin yana kallon titi, shago uku zai fita. Adakar takardu ko, gara ta riga ta yi walima a ciki. Ranar da aka rushe babu wanda ya yi kuka, har cewa ake yi an gyara unguwa.

Ban hana ka shago ba, Alhaji, yi goma. Hanyar Kano zuwa Katsina da ake mayarwa tagwaye za ta kawo maka masu saye har ka gaji da ba da canji. Ɗaki ɗaya nake roƙo, wanda faɗinsa bai kai garejin motarka ba. Kuma kada ka ce mu Katsinawa ba mu san darajar tsohon gini ba. Mun sani sarai, zaɓe muke yi. Hasumiyar Gobarau ginin ƙasa ce mai ɗaruruwan shekaru, in baƙo ya zo ita muke fara nuna masa. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ginin ƙasa ce, yau gidan adana kayan tarihi ce. A Kano ga Gidan Makama, ga Gidan Ɗan Hausa inda Bature Hanns Vischer ya zauna. A Daura, rijiyar Kusugu da maciji ya hana ɗiban ruwa an yi mata ɗaki da ƙofa, ana zuwa kallo daga nesa. Maciji ya samu ɗaki, malama ba ta samu ba! A zamanin Sarki Dikko, wajen 1930, aka buɗe makarantar boko ta 'yan mata ta farko a Katsina, kuma matarsa Hajiya Ma'daki, 'yar gidan sarautar Kano da ta raka shi Makka da Ingila, tana cikin waɗanda suka tsaya wa karatun 'yan matan. A majalisar nan taku duk wanda ya san Katsina zai kai ni ajin su Sardauna ido rufe. Wa zai kai ni ajin 'yan matan? Na ji shiru. Mai shayi, ƙara musu suga.

Allah ya gafarta Malam, na ga ka gyara rawani, na san inda ka dosa. Za ka ce girmama gini ƙofar bidi'a ce, yau a yaɓe bango, gobe a fara shafarsa ana neman tubarraki. Malam, a nan bakinmu ɗaya. Duk wanda muka kama yana ɓantarar ƙasar bangon zai jiƙa ya sha, kai za mu kawo wa ka yi masa wa'azi, mu kuma mu ci shi tarar kuɗin yaɓe. Ba hubbare nake nema ba, makaranta nake nema. Abin da nake kira a yi sunansa waƙafi, babinsa yana cikin littattafan da ke gabanka: a tsayar da asali, a bar amfani yana gudana. Ɗakin da aka yi shekara da shekaru ana karanta Alƙur'ani a ciki, wanne ya fi cancanta da shi, a ci gaba da karatun ko a mai da shi gidan kallon ƙwallo? Kai ne kake faɗa mana a kan mumbari cewa Shehu Usmanu, a cikin Nurul Albabi, ya yi kaca-kaca da malaman da ke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Kai ne kuma kake ba mu labarin Fatima al-Fihriyya da ta zuba gadonta ta gina masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas a shekarar 859, wanda ya zama jami'a. Mutanen Maroko ba su rushe shi don gudun bidi'a ba, gyara shi suke yi. Ko a 'yan shekarun nan an sake gyara laburarensa, mace ce ma ta ja ragamar aikin, Aziza Chaouni. In na Fas ya halatta, na Yashe me ya yi?

Kai kuma saurayi, ɗago kanka daga wayar nan minti biyu. Ka ce zamanin ɗaki ya wuce, yanzu marubuta mata a Wattpad da Facebook da zaurukan WhatsApp suke zuba labari, dubbai na karantawa, ba haya ba yaɓe. Haka ne, abin alfahari ne ma. Amma ka tuna OkadaBooks, manhajar da marubutan Hausa da yawa, musamman mata, suka jibge littattafansu suna sayarwa? A ƙarshen 2023 aka rufe ta. Takardun ajami na zamanin Asma'u sun haura shekara 150 ana karanta su. Wayarka ta bara fa, tana ina? An zare ta a kasuwa, ko ta faɗa rijiya, hotunan bikin yayarka duk sun bi ta. Ban ce a ƙi waya ba, kai ma akwai aikinka, ina zuwa kansa. Amma mutanen Timbuktu sun fi ka sanin dawan garin. Da masu bindiga suka mamaye birninsu a 2012, iyalai ne suka cusa dubban ɗaruruwan takardu a akwatunan ƙarfe aka sulale da su ta mota da kwalekwale zuwa Bamako. Gidaje ne suka riƙe su ɗaruruwan shekaru, gidajen ne kuma suka tserar da su. Wannan ita ce amsata ga mai cewa ana fama da ɓarayin daji, ba lokacin zancen takardu ba ne. A lokacin tsoro aka fi yin asara. In gari ya tashi cikin dare, uwa goyonta za ta saɓa, adakar kakarta sai dai Allah ya tsare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani can ƙarshen benci da tun ɗazu yake ƙunƙuni: "Su Asma'u mun ji, malamai ne. Amma marubutan yanzu ai 'yan littattafan soyayya ne masu ɓata tarbiyya. Su ma ginin za a yi musu?" Sannu Baba na ƙarshen benci. Kai ne fa in an fara karanta littafi a rediyo kake tsawata wa yara su yi shiru, wai labaran duniya kake jira. Bari in tuna maka waɗanda kake rainawa. Hafsat Abdulwaheed ta shiga gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, ba na man fetur ba, aka buga mata So Aljannar Duniya a 1980, ta zama mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala Muhammed, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana 'yar shekara 13, ta koma ajin yaƙi da jahilci, ta zo ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Bilkisu Ahmed Funtuwa, 'yar jiharmu, ta rubuta Allura Cikin Ruwa da ya zagaye gidajen Arewa a shekarun 1990. Sun kafa ƙungiyoyi: Raina Kama a Kano da ta haɗa maza da mata, sai Kallabi da Mace Mutum na mata zalla. Ɗan jiharmu Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa rubutun suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu tsakaninsa da su Farfesa Abdalla Uba Adamu. A 2007 har tara littattafan aka yi a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Ba su daina ba. Daga 2016 BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla, ɗaruruwa ke shiga kowace shekara.

Akwai na ƙwarai a cikin littattafan, Baba, akwai na banza, haka ma rubutun maza yake. Amma duk mai son sanin yadda matan Arewa suka ji da auren dole da kishi da saki da rabon gado da karatun 'ya mace a shekaru 40 ɗin nan, a cikinsu zai ji, daga bakin masu abin. An buga su a takarda mai arha, ta yi ja ta kakkarye, bugun farko na da yawansu yau sai an sha wuya kafin a gani. Jami'ar SOAS ta Landan kuwa tana da tarinsu, wanda Farfesa Graham Furniss da abokan aikinsa suka tattara. Jikarka in za ta yi digiri na uku a kan Bilkisu Funtuwa, sai ta nemi bizar Ingila ke nan? To nuna mini gini guda a Kano ko Katsina ko Funtuwa da aka rubuta a ƙofarsa cewa wannan gidan marubuta mata ne, nasu ne halak malak.

Hajiya, na jiyo muryarki daga bayan katanga, kada ki ce ban kula ba. Kin ce, "Ku maza kun iya daɗin baki. Kuna cikin bulo da tayil da fanka, mu ku ce mu zauna a ɗakin ƙasa da kunama don tarihi." Kin yi gaskiya, kuma ba wanda ya ce ki kwana a ciki. Allah ya ba ki bene. Amma ke kam ba ki da bakin cewa ba ki iya adana tsohon abu ba. Kwallaye da tasoshin jerenki na aure suna nan a kabad shekara da shekaru, ko tsatsa babu, yaron da ya kuskura ya taɓa ya san sauran. Ashe in abu naki ne kin iya. To ɗakin nan naki ne. Kuɗin yaɓensa kuma bai kai abin da kuke kashewa a ankon biki guda ba, kwasar adashi ɗaya ta isa. In kuka jira maza su kafa kwamiti, za a yi taro, a ci shinkafa, a ɗauki hoto, damina ta zo ta yi aikinta.

Tunda dariyar ta lafa, ga yadda ake yi, kuma ba ya buƙatar ɗan kwangila. Da farko a nemo maginin gargajiya, ba birkila ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti a ce an gyara. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa. In siminti ya rufe ta, ruwan da ya shiga ta tsaga ko ta gindin bango sai ya rasa mafita, bango ya ruɓe daga ciki, wata rana simintin ya ɓallo da rabin bangon. Maginanmu sun san magani tun kaka da kakanni: yaɓe da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa aka bari ta tsima, a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame, rufi kuma a yi masa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Azara ta giginya ce, don gara ba ta cika cinta ba. A share indararo kafin ruwan farko, a gyara gindin bango yadda ruwa ba zai kwanta ba. Da irin wannan ilmi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, masana gine-gine na duniya suna zuwa kallon bakan gizonsa har yau. A Jenne ta ƙasar Mali, gari guda ke fitowa kowace shekara a yaɓe babban masallaci, mata na ɗebo ruwa, samari na hawa bango. Mu namu ɗaki ɗaya ne, samari goma da safiya guda sun isa.

Na biyu, takardu. Kada a zuba su a leda, tana tara gumi. Kada a manna musu salatif, kada a kai su a yi musu laminatin. A bar kowane littafi a gafakarsa yadda aka same shi, kada a gauraya warƙoƙi, don yawancinsu ba su da lambar shafi, kalmar da ke ƙasan warƙa ce ke nuna wadda ke biye. A sa su a busasshen akwati, a ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa leƙawa. Saurayi mai waya, ga aikinka ya zo: ɗauki hoton kowace warƙa a inuwa mai haske, ka ajiye a wuri fiye da ɗaya. Sannan ka durƙusa gaban tsofaffin da suka yi karatu a ɗakin ka naɗi muryarsu: wa ya karantar da malama, me take karantarwa, da wane kari ake rera waƙoƙin, su wa suka gaje ta. Wannan ya fi bangon ma gaggawa, don magini yana iya ta da bango, tsohuwa kuwa in ta tafi ta tafi da karin waƙar. Mai neman taimakon masana, ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ga malaman Hausa da na tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Arewa House a Kaduna. Sai dai a yi da sharaɗi: su ɗauki hoto, asali ya zauna a gida.

Na uku, takardar waƙafi. Magada su amince, a rubuta a gaban mai unguwa da dagaci da liman, alƙali ya sa hannu, a ambaci iyaka da abin da aka tsayar da ɗakin dominsa, a sa mata cikin masu kula. In ba a rubuta ba, jikan da ba a haifa ba tukuna shi zai sayar. Na huɗu shi ya fi duka: a yi amfani da ɗakin. Wanda aka garƙame ya fi saurin faɗuwa a kan wanda ake sharewa kullum. Da safe ajin yaƙi da jahilci, da yamma Islamiyyar matan aure, Alhamis da Juma'a 'yan mata masu sha'awar rubutu su haɗu su karanta wa juna abin da suka rubuta. A kafa kanta guda a jera littattafai, daga waƙoƙin Asma'u har labaran Hikayata. A rubuta sunan malamar a ƙofa, da boko da ajami.

Saura iyayen ƙasa. Ranka ya daɗe Bebejin Katsina, Hakimin Kusada, ranka ya daɗe Kangiwan Katsina, Hakimin Kankiya, umarni ɗaya daga gare ku ya isa kowane dagaci ya kawo sunayen malamai mata na ƙasarsa, na da da na yanzu, da inda ɗakunansu suke. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu, ba mota muke roƙo ba, kuɗin makuba da kanta ne. Ku kuma 'yan majalisa, na san gobe za ku ce mai rubutun nan ba shi da aikin yi. Ku faɗa, na yafe. Amma kafin ku faɗa, kowa ya shiga gida ya tambayi tsohuwarsa sunan wadda ta koya mata karatu, ya taka ya je ya ga wurin da idonsa. In ɗakin ya riga ya faɗi, a ceto takardun da sunan. In yana tsaye, a kira magini tun kafin ruwan bana ya sauka.